Yankan Bargon Mak Cik Rokiah

Sharifa Ubale malama ce a sashen zanen tufafi na wata kwaleji a Zariya kafin asusun tallafa wa ilimi ya turo ta Kuala Lumpur yin digiri na uku. Ta zo da mijinta Abdulbaƙi, wanda shi ma yake nasa karatun a fannin lissafi, suka kama haya a wani dogon bene a unguwar Cheras, inda baƙi suka kusa fin 'yan ƙasa yawa. Mace ce mai ƙarancin magana, mai son a bar abu yadda aka same shi.

Abin da take nazari a kai wani irin bargo ne da matan Turawa suka yi yayinsa a ƙarshen zamanin Sarauniya Biktoriya. Mace za ta tara ragowar ƙyallayen siliki da karammiski da na tsofaffin rigunan biki, ta jera su a kan wani yadi ba tare da wani tsari ba, wannan mai kusurwa uku, wancan kamar da haƙori aka yago shi. Sai ta bi kowace gaɓa da surfani, ta cike tsakiyar ƙyallayen da furanni da tsuntsaye da duk abin da ya faɗo mata a rai. Su da kansu suka sa masa suna mahaukacin bargo, don in ka hango shi sai ka ce tangaran ne ya faɗi ya tarwatse. Ba rufa ake yi da shi ba. A falo ake yafa shi a kan kujera, baƙi su gani su san matar gidan tana da hannu, tana kuma da lokacin zama.

'Yan Najeriyar da ke taruwa a gidansu ran Lahadi ba su raga mata ba. Wani abokin Abdulbaƙi ya taɓa cewa, "Wato tun daga Zariya aka ɗauko ki, ki zo ki zama dakta a kan tsumma?" Ta yi dariya tare da kowa, ta ƙara masa shinkafa.

Shekararta ta farko duk a hoto ta san bargon. Sai wata rana wata Bamalayiya da suke ɗakin karatu ɗaya ta leƙa kwamfutarta, ta ce ai akwai irin wannan abu a gidan wata gwaggonta a Kampung Baru.

Kampung Baru tsohuwar unguwar Malayawa ce a tsakiyar birni, gidajen katako a kan dogayen ƙafafu, manyan benaye na gilashi sun yi musu zobe. Sharifa ta sauka daga jirgin ƙasa, ta bi ta tsakanin masu sayar da abinci, ta sami gidan a bayan wani ƙaramin masallaci. Mai gidan sunanta Rokiah, amma kowa Mak Cik yake ce mata, kamar yadda mu za mu ce Inna. Ta haura tamanin. Ta yi shekaru tana koyarwa a firamare, don haka Turancinta a tsaye yake, muryarta ma ta malamai ce.

"Makan tukuna, a ci abinci," in ji ta. "Bargo ba zai gudu ba."

Sai da Sharifa ta ci shinkafa da soyayyen kifi, ta sha shayi mai zaƙi, sannan tsohuwar ta buɗe wani akwatin katako ta ce ta kama mata. Suka shimfiɗa shi a kan tabarma.

Sharifa ta durƙusa tana duba shi. Murabba'i tara ne aka haɗa, uku-uku, kowanne cike da ƙyallaye: ja mai duhu, ruwan goro, baƙin karammiski, shuɗi kamar an tsamo shi daga marina. A kan gaɓoɓin akwai ɗinki mai kama da gashin tsuntsu, da mai kama da ƙashin kifi, da sarƙa, wani wurin an hau wani a kan wani da zare kala uku. Ga mafici, ga mujiya, ga takalmin doki, ga yanar gizo-gizo da zaren azurfa. A wata kusurwa an ɗinka 1894. A tsakiya kuwa wani farin zalɓe ne tsaye da ƙafa ɗaya, ya buɗe fiffike har ya tsallaka cikin murabba'in da ke kusa. Wasu daga cikin silikin sun tsattsage, sun zama kamar busasshen ganye. Ta san dalili: masu saƙa na wancan zamanin suna jiƙa siliki a ruwan kuza don ya yi nauyi a sikeli, kuzar ce ke cin sa a hankali.

Mak Cik ta ba ta labarin. Kakarta Timah tana budurwa ta yi aiki a gidan wani Bature injiniyan jirgin ƙasa. Matarsa ba ta da lafiya, zafi ya hana ta sakat, ba ta da abin yi sai ɗinki a baranda. Ita ta koya wa Timah. Da za su koma ƙasarsu, matar ta bar mata bargon.

"Mutane suna cewa kyauta ce," in ji Mak Cik. "Kakata kuwa cewa take rabinsa nata ne tun farko, don ita ta ɗinka. Baturiyar in ta yi kaɗan sai ta ce kanta yana ciwo."

Daga ranar Sharifa ta mai da gidan wurin zuwa. Takan zo da kyamara da madubin ƙara girma da farar safar hannu, wadda Mak Cik ba ta daina yi wa dariya ba. A hankali ta fara rarrabe hannu biyu a cikin aikin. Ɗaya ɗinkinsa manya-manya ne, sakwa-sakwa, ya fi son furannin Ingila. Ɗaya kuwa ƙanana ne, a matse, sun ɗan karkata hagu, kuma a nan ne ake ganin tsiron gora irin wanda Malayawa ke sa wa a bakin zane, da wata 'yar tsaka tana hawa gefen karammiski. Malamin da ke duba aikinta, Dakta Lim, ya ce abu ne mai kyau, amma hannu biyu ba ya nufin Timah. Mai yiwuwa Baturiyar tana da 'yar'uwa, ko maƙwabciya.

Ana cikin haka Mak Cik ta zame a matakalar gidan ta karye a ƙugu. Da ta fito daga asibiti, 'ya'yanta uku suka yanke shawarar ba za ta sake zama ita kaɗai ba, za ta koma Johor wurin babban ɗanta Kamarul, a rufe gidan. Kayan ɗaki ba su jawo magana ba. Kowa ya ɗauki abin da yake so, aka ba maƙwabta saura. Bargon ne ya tsaya musu.

Sharifa tana nan ranar da abin ya tashi, ta zo gaishe da mai jinya. Kamarul ya ce shi ne babba, kuma a gidansa uwar za ta zauna, don haka bargon ya bi ta. Suraya, ta tsakiya, ta ce kayan mata ne, daga kaka zuwa uwa zuwa 'ya ya biyo, ba a taɓa jin ya bi ta hannun namiji ba. Auta Faridah, wadda ke aure a Ostireliya, ta ce ita ce take shanya shi tana sa masa maganin asu tun tana 'yar makaranta, lokacin da su biyun ko kallonsa ba sa yi. Murya ta fara tashi. Suraya ta tuno wa Kamarul wata magana ta ranar jana'izar mahaifinsu, shi kuma ya tashi ya fita baranda.

Sharifa ba ta saba sa baki a sha'anin gidan mutane ba, amma ta ce, "Mak Cik, da za a ba gidan tarihi ajiya fa? Za su kula da shi, a rubuta sunan Timah a jiki, kowa ya je ya gani."

"A sa shi a gilashi, 'ya'yana su yi layi su kalli kayan kakarsu?" Tsohuwar ta girgiza kai. "A'a lah."

Bayan kwana biyu ta kira Sharifa a waya. Ta ce ta gama tunani. Murabba'i tara ne, 'ya'ya uku ne, kowa ya ɗauki uku. Za a yanka shi.

"Ke za ki yanka," in ji ta. "Kin san inda kowane zare ya bi."

"Mak Cik, ba zan iya ba."

"Boleh. Za ki iya."

"Ba wai hannuna ba zai iya ba. Abin nan ya haura shekara ɗari a haɗe. Irinsa a ƙasar nan ban san ko akwai wani ba. In an yanka shi, shi ke nan."

"'Ya'yana ma shekara hamsin suke a haɗe, kuma su ma babu wasu," in ji Mak Cik. "Ki yi tunani. In kin ƙi, akwai mai ɗinkin labule a kasuwa, almakashinsa kamar takobi."

Dakta Lim bai ɓoye ra'ayinsa ba. Ya ce mai bincike ba ya lalata abin da yake bincike a kai, in kuwa ta taɓa shi da reza, duk wanda ya karanta kundinta zai tambaye ta. Ya ce ta ɗauki hotuna iya iyawarta, ta janye hannunta, abin da iyalin suka yi da kayansu ruwansu.

Da ta koma Cheras ta tarar da Abdulbaƙi ya yo musu tapau, wato abinci a ƙunshe, daga shagon abincin da ake ce wa mamak a ƙasan bene, yana juye miya a kwano. Ta zayyana masa komai tana tsaye, ko mayafi ba ta cire ba.

"To ke me kike so?" ya tambaye ta.

"So nake kada a yanka."

"Wannan kuma an wuce wurin. Tsohuwar nan da kika ba ni labari, kin taɓa ganin ta faɗi abu ta fasa?"

"Ban taɓa ba."

"To saura wa zai yanka. Ko ke, ko mai labule." Ya tura mata kwano. "Ni dai lissafi na sani. Zauna ki ci."

Ta zauna ta ci. Ta yi kwanaki tana zuwa ɗakin karatu tana buɗe hotunan tana rufewa. Abin da ya fi tsaya mata shi ne zalɓen. Mai labule zai ja layi ne ya bi, ba ruwansa da abin da ke kan hanya, silikin da ya riga ya mutu kuwa ko girgiza ba ya so. Ranar da Mak Cik ta sa za a kai bargon kasuwa, Sharifa ta yi sammako ta isa Kampung Baru da 'yar jakarta: reza, ƙaramin almakashi mai lanƙwasa, allurai, zare, da yadi mai laushi ruwan goro na yin baki.

Mak Cik tana zaune a keken guragu a falon da ya zama fayau. Ba ta nuna mamaki ba. Ta ce wa Suraya ta haɗa tebura biyu, ta kashe fanka.

Sharifa ta yi bisimilla ta fara da bayan bargon. Akwai shafi ja mai santsi da ya rufe shi gaba ɗaya, dole sai an farke shi kafin a kai ga gaɓar da ta haɗa murabba'an. Ta bi ɗinkin ɗaya bayan ɗaya da bakin reza. Zaren ya tsufa, wani da ta taɓa shi yake sakin kansa. Da shafin ya ɗaga, sai ga abin da ba wanda ya gani tun ranar da aka rufe shi: yadin da aka jera ƙyallayen a kai, da dubban ƙulle-ƙullen zare ta baya.

Ta tsaya. Ƙarƙashin murabba'i huɗu farin akoko ne na kanti. Ƙarƙashin biyar kuwa tsohon zane ne mai gida-gida, irin wanda mazan Malayawa ke ɗaurawa, ya koɗe, har da wani wuri da aka taɓa yi masa maho tun kafin a yanka shi. Ta juya gefen bargon a hankali ta duba. Tsiron gora da tsaka da ƙananan ɗinkin nan masu karkata hagu duk a kan zanen suke.

Ta nuna wa Mak Cik. Tsohuwar ta sa tabarau, ta shafa zanen da yatsa.

"Na mahaifin Timah ne, ina jin," in ji ta. "Ko na wanta. Ɗauki hotonki, ki ci gaba."

Ta ɗauka, da yawa. Sannan ta koma kan aikin. Gaɓa ta farko ba ta ba ta wahala sosai ba, sai dai surfanin da aka bi kanta da shi, wanda dole ta tsinke shi a tsaka, ta ɗaure kowane bakin zare don kada ya zare. Wani shuɗin siliki ya ruguje a hannunta duk da lallaɓawar da ta yi, ya zama gari a kan tebur. Suraya ta kawo tsintsiya, Sharifa ta ce ta bari, ta tattara shi a takarda.

Suka yi azahar, suka ci abinci. Hadari ya haɗo, ruwa ya sauko kamar yadda ya saba da rana a garin, ɗakin ya yi duhu har sai da aka jawo teburan kusa da taga.

Gaɓa ta biyu ita ce ta zalɓe. Jikinsa yana murabba'in tsakiya, fiffikensa na dama ya shiga na gefe. Sharifa ta auna ta kowace fuska, ko za a iya ɗaga fiffiken gaba ɗaya a mai da shi gefe guda. Ba hali. An ɗinka shi ne ya ratsa har cikin yadin ƙasa.

"Mak Cik, sai dai a raba wani iri. A ba mutum ɗaya waɗannan biyun tare."

"Sai wani ya ce an fi shi. Yanka."

Ta sa zare ta ɗaure kowane gashin fiffiken ta hagu da ta dama, ta bar siririyar hanya a tsakani. Sannan ta sa almakashi. Ƙarar ba ta fi ta yanke farce ba. Suraya ta juya baya. Mak Cik kuwa ta kalla har aka gama.

Yin baki ya ɗauke ta wasu kwanaki. Ta mai da wa kowane yanki shafinsa, ta naɗe gefen da sabon yadi, ta yi ɗinkin yadda duk mai so zai iya farke shi ba tare da ya taɓa tsohon aikin ba. Abin da ya fito dogayen ƙyallaye ne uku, kowanne kamar abin shimfiɗa a tsakiyar tebur. Ba su yi muni ba. Ba kuma bargo ba ne.

Ranar rabo Mak Cik ta sa aka naɗe su a jarida, ta ce kowa ya ɗauka ba tare da ya buɗe ba. Kamarul ya sami mai 1894 a jiki, ya duba, ya ce madalla, ya kai mota. Suraya ta sami na tsakiya mai zalɓe da fiffike ɗaya. Faridah ta buɗe nata, ta ga guntun fiffike yana shigowa daga gefe babu tsuntsu, ta ce ita ce kullum ake ba saura. Ta yi kuka kaɗan. Suraya ta ce su yi musaya, Faridah ta ce a'a, ta riga ta ɗauka. Daga nan suka koma maganar wa zai riƙe makullin gida, suka fita tare su sayo abincin dare.

Mak Cik ta kama hannun Sharifa. "Kin ji haushina."

"Na ji, Mak Cik."

"Ba laifi. Allah ya yi miki albarka, 'yata. Ki gaida mijinki."

Washegari aka tafi da ita Johor. Sun yi waya sau da yawa a farko, daga baya abin ya ja baya. Ta rasu kafin azumin da ya biyo, Suraya ce ta aiko da saƙo. Sharifa da Abdulbaƙi suka hau bas suka je ta'aziyya. 'Ya'yan uku suna nan, suna magana da juna kamar kowaɗanne 'yan'uwa, ba wanda ya ta da zancen bargo, ita ma ba ta tambaya ba.

Dakta Lim ya yi fushi na ɗan lokaci, sannan ya ga hotunan bayan bargon ya sauko. Ya ce zanen ya ƙarfafa maganar, amma bai tabbatar da ita ba, don Baturiya ma tana iya karɓar tsohon zane daga hannun mai aikinta. Sharifa ta yarda da haka, ta rubuta shi yadda yake: ga abin da iyalin suka ce, ga abin da aka gani, ga inda sani ya tsaya.

Ranar kare kundi, cikin masu jarrabawar akwai wata farfesa da aka gayyato daga waje, dattijuwa mai furfura wadda ta ƙare rayuwarta a kan irin waɗannan barguna. Ta bari sai da kowa ya gama, sannan ta buɗe babi na biyar.

"Kin rubuta cewa an raba bargon gida uku. Wa ya raba?"

"Ni."

"Da hannunki?"

"Da hannuna. Mai shi ce ta sa ni. Na ƙi, daga baya na yarda."

Farfesar ta dube ta ta saman tabarau. "Ni da ban yi ba," in ji ta. Ta yi rubutu a takardarta. Can ta sake ɗagowa. "Ƙullin da ke baya, na hannun nan na biyu. Sau ɗaya take zagayawa ko sau biyu? Ban taɓa samun wanda ya gani ba."

"Sau biyu. Sannan ta soke bakin zaren a ƙarƙashin ɗinkin da ya gabata."

Farfesar ta gyaɗa kai ta rubuta wannan ma.

Aka ba ta digirin da sharaɗin gyara kaɗan. Babban gyaran shi ne ta cire "an raba" ta sa sunanta, ta kuma ƙara shafi guda tana bayanin yadda aka yi ta yarda. Shafin ya fi duk sauran ba ta wahala, ta rubuta ta goge ya fi a ƙirga, daga ƙarshe ta bar shi gajere. Abdulbaƙi ya gama nasa bayan 'yan watanni, suka sallami gidan Cheras, suka koma Zariya ana tsakiyar damina. Kwalejin ta ba ta 'yan aji ɗaya da wani ofis da take rabawa da malamai biyu, ta kama aiki ran Litinin.